Ciniki Bai Ƙare Ba Sai An Haɗa Waya



'Yan'uwana mazauna Kauru, Kafanchan, Saminaka, Zonkwa, Kachiya da sauran garuruwan da muke neman abinci a cikinsu, yau maganar waya ce ke tafe da ni, wato wayar da ake haɗa dikoda da talabijin da sifika. Na san wani zai ce a ransa, duk matsalolin da ke damunmu a wannan yanki yaron nan bai ga abin rubutu ba sai waya? To mai karatu ya ɗan yi haƙuri ya biyo ni, domin wata waya da kuɗinta bai kai na kaza ɗaya ba ta kusa raba mahaifina da tsohon abokin cinikinsa a tsakiyar kasuwa.

Abin da ya faru

Mahaifina kayan lantarki yake sayarwa a nan Kauru, sababbi da na hannu, ni kuma tun da na gama sakandare nake zaman shagon tare da shi. Cikin watan Disambar 2024 wani malamin firamare daga ɓangaren Chawai, wanda ya daɗe yana sayayya a wurinmu, ya zo ya sayi hom-tiyata ɗan kwatano, mai amfilifaya da sifika biyar da bufa, domin iyalinsa su yi bikin Kirsimeti da shi. Mun san ya daɗe yana tara kuɗin. Ni na ɗaure masa kayan, ni kuma na jefa masa waya mai kai uku, ja da fari da rawaya, a cikin kwali, na ce wannan gyara ce.

Bayan kwana uku, ranar kasuwa, sai ga shi da kwalin a bayan babur, ransa a ɓace. Ya ce, "Alhaji, shekara nawa muna tare, ni za a sayar wa mataccen kaya? Sifika biyu kaɗai ke magana, uku shiru, hoto kuma ya ƙi fita sam."

Kafin ka ce kwabo mutane sun taru. Daga bayan taron na ji wani yana cewa, "Ai haka suke yi." Duk wanda ya taso a wannan yanki ya san nauyin wannan kalma ta "suke". Ban zo duniya ba lokacin rikicin Zangon Kataf na 1992, amma iyayenmu sun faɗa mana cewa daga maganar mayar da kasuwa wani sabon wuri ya faro. Don haka hayaniyar kasuwa a nan ba abin wasa ba ce.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ƙirgo kuɗin cif ya miƙa masa, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ga kuɗinka. Alfarma ɗaya nake nema, ka bar yaron nan ya bi ka gida da kayan, ya ga yadda aka haɗa. In matacce ne ya dawo da shi."

Da muka isa, Malam ya nuna mini yadda ya yi. Ya ɗauko hoto da sauti daga dikoda da wayar nan mai kai uku ya sa a amfilifaya, daga amfilifaya kuma ya ja wayar HDMI zuwa talabijin. A hankalce bai yi kuskure ba. Matsalar ita ce wannan amfilifaya ba ta iya juya hoton da ya shigo ta wayar rawaya ya fita ta HDMI, ja da fari kuma sifika biyu kawai suka sani. Na ciro wata wayar HDMI daga aljihuna, na haɗa dikoda da amfilifaya, na gyara saiti, nan take hoto ya fito, ɗaki ya ɗauki sauti. Kaya lafiyarsu lau. Laifin na wanda ya jefa waya a kwali ne bai yi bayani ba, wato ni.

Mene ne aikin amfilifayar?

Turawa suna kiran wannan na'ura da suna mai kama da risiba, to kada mai karatu ya rikita ta da risibar dish irin su Strong da muke kamo tashoshin Nilesat da ita. Wannan wata aba ce daban. Misalinta kamar mahaɗar jirgin ƙasa ta Kafanchan ne, wadda aka yi tun shekarun 1920, inda layin da ya taso daga Fatakwal ya rabu, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya nufi Jos. Dikoda da DVD da na'urar gem duk ita suke shiga. Ita za ta zaɓi wanda ka danna a rimot, ta tura hoto zuwa talabijin, ta riƙe sauti ta ƙara masa ƙarfi ta raba wa sifikoki.

Lambar nan 5.1 da ake rubutawa a kwali ma'anarta hanyoyin sauti biyar da na bufa ɗaya: hagu da dama na gaba, na tsakiya, biyu na gefe ko baya, sai bufa mai kawo rugugi. Tsarin Dolby Digital ya shiga gidajen sinima a 1992, DTS ya biyo baya a 1993, daga baya DVD ya kawo su cikin gidaje. Abin lura shi ne, in shirin mai 5.1 ne, maganar 'yan wasa ko ta mai sharhin ƙwallo yawanci ta sifikar tsakiya take fita. Shi ya sa za ka ga wani yana jin ihun 'yan kallo a filin wasa amma ba ya jin mai sharhi, alhali wayar sifikar tsakiya ce ta cire.

Kowace waya da abin da take iya ɗauka

Ta farko ita ce mai kai uku da muka gada tun zamanin bidiyo mai kaset da VCD. Rawaya hoto, fari sautin hagu, ja sautin dama. Hotonta ba ya wuce na tsohuwar talabijin mai ƙeya, sautinta kuma hanya biyu ne rak. Akwai 'yar'uwarta mai kore da shuɗi da ja, wadda duk ukun hoto ne. Mutane da yawa suna ɗaukar jan hoto su sa a ramin jan sauti, sai su ji wani irin ƙugi, su ce sifika ta fashe.

Ta biyu ita ce siririyar waya mai jan haske a baki, wadda ake kira oftikal. Kamfanin Toshiba ne ya fito da ita a 1983. Sauti kaɗai take ɗauka, ba ruwanta da hoto, amma tana iya kawo 5.1 na Dolby Digital ko DTS. Ba a lanƙwasa ta, kuma sabuwa tana zuwa da 'yar hular roba a baki, sai an cire kafin a soka.

Ta uku ita ce HDMI, wadda aka fitar da tsarinta a ƙarshen 2002. Ita ce ke ɗaukar hoto mai kyau da sauti duka a waya guda. Ramukanta ba ɗaya ba ne: akwai na shiga, an rubuta IN, akwai na fita, an rubuta OUT. Dikoda ramin shiga take nema, talabijin kuma daga ramin fita ake ba ta. A 2009 aka ƙara mata wata dabara mai suna ARC, wadda ke sa talabijin ta mayar da sauti baya zuwa amfilifaya ta cikin wannan waya ɗaya, a 2017 kuma aka ƙara eARC mai ɗaukar sauti mafi nauyi irin Dolby TrueHD.

Bluetooth kuma a bar shi ga jin waƙa ko karatu daga wayar hannu. Hanya biyu yake kawowa, kuma yana da jinkiri, sai baki ya motsa sannan magana ta iso.

Hanya biyu ce, ba uku ba

Hanya ta farko: komai ya shiga amfilifaya, waya ɗaya ta fita zuwa talabijin. Wannan ita ce na fi so in amfilifayar tana da ramukan HDMI na shiga, domin sauti yana isa gare ta yadda ya taso, ba a rage masa komai ba. Sai dai akwai tarko guda biyu. Wasu tsofaffin amfilifaya na farkon zuwan HDMI hoto kawai suke wucewa da shi, ba sa tsintar sautin da ke cikin wayar, sai an ƙara musu oftikal daga dikoda. Sannan tsohuwar amfilifaya ba za ta wuce da hoton 4K ba, ko da talabijin ɗin sabuwa ce fil.

Hanya ta biyu: komai ya shiga talabijin, ita kuma ta aika da sauti zuwa amfilifaya ta ARC ko ta oftikal. Mafi yawan hom-tiyata da ke shagunanmu, irin masu DVD a ciki, ba su da ramin HDMI na shiga ko ɗaya, don haka wannan ce kaɗai hanyarsu. Ita ce kuma hanyar mai talabijin ta zamani da ke kallon YouTube a cikinta. A nan sai an sa wayar a ramin da aka rubuta ARC a bayan talabijin, sannan a kunna wani saiti da kowane kamfani ya raɗa wa nasa suna: Samsung na ce masa Anynet+, LG na ce masa SimpLink, Sony kuma Bravia Sync. Tarkon wannan hanya shi ne wasu talabijin, musamman tsofaffi, suna murƙushe 5.1 su mai da shi hanya biyu kafin su miƙa.

Ko wace hanya aka bi, a shiga saitin sauti na dikoda da na talabijin. In an bar shi a PCM, a yawancin dikodojinmu hanya biyu za a samu, sai a mayar da shi Dolby. Gaskiyar da ya kamata mu faɗa wa mai saye kuma ita ce, mafi yawan abin da muke kallo, finafinan Hausa da labarai da wa'azi da waƙoƙin coci, da hanya biyu aka naɗe su. Domin sifika biyar su yi magana a irin waɗannan sai an kunna Pro Logic ko makamancinsa, wanda ke rarraba hanya biyun zuwa ko'ina. Sifikar baya da ta yi shiru lokacin labarai ba matacciya ba ce.

Masu gidan kallon ƙwallo ma ga taku. In sauti ya bi ta amfilifaya kai tsaye, talabijin kuma ta tsaya gyaran hoto, sai a ji bugun ƙwallo kafin a gani. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta nuna cewa mutum kan fara lura in sauti ya riga hoto da kimanin kashi 45 cikin 1,000 na daƙiƙa, amma in sautin ne a baya sai ya kai wajen 125 kafin ya dame shi. Dalili a fili yake, mun saba ganin walƙiya kafin jin tsawa. Yawancin amfilifaya suna da saitin jinkirta sauti, a nema a ƙara kaɗan-kaɗan har baki da magana su daidaita.

Ra'ayina

Abin da nake so in faɗa shi ne, duk wanda ya sayar da irin waɗannan kaya bai sauke nauyi ba sai ya tabbatar sun yi aiki a ɗakin mai saye, ko aƙalla ya tambaye shi irin talabijin da dikodar da yake da su, ya ba shi wayar da ta dace, ya zana masa haɗin a bayan rasit. Kakanninmu da suka zo nan da goro da gishiri da tufafi sun san kayansu ciki da waje. Mai goro ya san na Gwanja daga ganin ɓawo. Mu kuma mun koma sayar da abin da ba mu san bayansa ba, iyakarmu mu kunna waƙa a bakin shago, bufa ta girgiza ƙasa, mu ce ka ji da kunnenka. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a nan duhun bai tsaya kan mai shago shi kaɗai ba, sunan al'umma gaba ɗaya yake shafa.

Na tattauna wannan da wasu abokan sana'a, kuma suna da hujjojinsu. Wani dattijo maƙwabcinmu ya ce mini, "Kai yaro, ni ɗan kasuwa ne, ba injiniya ba. Riba nawa ce a ciki da zan biya kuɗin babur zuwa ƙauye?" Maganarsa tana kan hanya, riba ta yi ƙaranci, man fetur kuma tun da aka cire tallafi a 2023 ya yi tsada. Amma na ce masa, "Baba, tambaya uku ba ta cin mai. Wace talabijin gare ka, wace dikoda, wace irin wuta kake amfani da ita?" Sannan kayan da aka dawo da su bayan an jijjiga su a babur sau biyu sun fi kuɗin mai asara.

Wani kuma ya ce bi da komai ta cikin amfilifaya haɗari ne, domin in tsawa ta bi wayar dish da damina za ta iya ƙona dikoda da amfilifaya da talabijin a lokaci guda, kuma mai sola ko ƙaramin janareto ba zai so kunna amfilifaya don jin labarai kawai ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ne ma dalilin da ya sa nake cewa a yi tambaya. Mai ƙaramar wuta hanya ta biyu ta fi masa, ya kalli labarai da sifikar talabijin, ranar ƙwallo ko fim ya kunna babba. Maganar tsawa kuwa, kowace hanya aka bi wayoyin a haɗe suke, maganinta a zare wayar dish da filogi in hadari ya taso. Gidajenmu da yawa ba su da wayar ƙasa, don haka kada a soka ko a zare HDMI sai an kashe wuta daga bango.

Akwai kuma abubuwa uku da ɓoye su zalunci ne. Na ɗaya, wutarmu a Nijeriya bolt 230 ce, alhali kayan hannu da suka fito daga Amurka na 120 ne, na Japan kuma 100. In ba a karanta bayan na'ura ba aka soka ta kai tsaye, hayaƙi ne zai biyo baya, sai da tiransifoma mai rage wuta. Na biyu, sifikokin ƙananan hom-tiyata sau da yawa om 3 ko 4 ne, manyan amfilifaya kuma da yawa 6 zuwa 8 suke so. Haɗa gambizar wannan da wancan yana sa amfilifaya ta yi zafi ta dinga kashe kanta. Na uku, dubban wat ɗin nan da ake rubutawa a kwali da PMPO a gefe talla ce kawai. A juya bayan na'urar a ga wutar da take ja daga bango. Abin da ke jan wat 100 ba zai ba ka 5,000 ba.

Mai saye ma yana da nasa. Kafin ka taho kasuwa ka ɗauki hoton bayan talabijin ɗinka da na dikodarka a waya. Matambayi ba ya ɓata. In ka isa gida kada ka jera sifika biyar a kan teburi ɗaya kamar kwanukan amarya: ta tsakiya a ƙarƙashin talabijin, biyu a hagu da dama, biyu a gefen wurin zama, jan waya a jan rami, baƙi a baƙi.

Kammalawa

Kira na ƙarshe ga matasa irina da suka gama sakandare suna zaman jiran aiki. Wannan sana'a ce a ƙofar gida. Ni ban je wata makarantar koyon lantarki ba, takardun da ke zuwa cikin kwali na dinga karantawa, ina gwadawa da kayan shago in Baba ya tafi sari Kano ko Kaduna. Gidajen kallo da majami'u da makarantu da ɗakunan taro duk suna neman wanda zai haɗa musu sauti da hoto, kuma wanda ya shiga gidan mutum ya gyara masa abu ya fita da mutunci, ya ƙulla zumuncin da taron sulhu goma ba su ƙulla ba.

Shi dai Malam da yammar ranar ya dawo da ni a babur ɗinsa har ƙofar shago, ya mayar wa Baba kuɗinsa a gaban mutanen da suka ga hayaniyar safe, ya ce, "Alhaji, kaya lafiya suke, a yafe mini." Baba ya ce, "Malam, mu ne da neman gafara, mu muka ba ka wayar da ba ita ba." Matarsa ma ta aiko wa Inna da ƙullin acca. Tun daga ranar Baba ya kafa doka a shago: ba a ɗaure kwalin hom-tiyata sai an ga hoton bayan talabijin ɗin mai saye.

Inda na yi kuskure masana su gyara mini, ni ma ɗalibi ne. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya zaunar da yankinmu lafiya, amin.

Wassalam. Naku, daga Kauru.